Koyar da Turanci a Ƙetare: Abin da Ke Gaban Biza da Abin da Ke Bayanta

A ƙarshen shekarar 2022 wani labari ya karaɗe ofisoshin malamai a Najeriya, cewa daga 1 ga Fabrairun 2023 wanda ya yi karatun koyarwa a gida zai iya neman shaidar malanta ta Ingila. Labarin gaskiya ne, sai dai rabinsa aka ɗauko. Shaidar, wadda ake kira QTS a taƙaice, amincewa ce kawai cewa mutum ya cancanci tsayawa gaban aji a makarantun gwamnatin Ingila. Ba ta ba shi aiki, ba ta ba shi biza. Sannan ga 'yan Najeriya da Ghana an taƙaita ta ga masu koyar da lissafi da kimiyya da wasu harsuna irin su Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci, ga yara 'yan shekara 11 zuwa 16. Turanci ba ya cikin jerin. Malamin Turanci, wanda ya fi kowa zaton da shi ake, shi aka bari a bakin ƙofa.

Irin wannan ruɗani ya yi yawa a harkar, kuma tushensa ɗaya ne: an ɗauki biza a matsayin farkon tafiya, alhali ita ce kusan takardar ƙarshe da ake samu.

Takardu huɗu da ake kira da suna ɗaya

In malami ya ce yana neman biza, yawanci abubuwa huɗu ya haɗa a baki ɗaya. Biza ita ce izinin zuwa bakin iyakar wata ƙasa, wanda ofishin jakadancinta ke mannawa a fasfo ko ya aiko ta intanet. Izinin aiki daban yake: hukumar ƙwadago ta can ce ke bayarwa, kuma a yawancin ƙasashe makaranta ce ke nema wa malami, ba shi ke nema wa kansa ba. Na uku shi ne izinin zama, katin da ke nuna cewa baƙo na zaune bisa doka, wanda a Saudiyya ake kira iƙama. Na huɗu shi ne lasisin koyarwa, irin QTS ɗin nan ko rajistar hukumar TRCN a Najeriya.

Tsarin Sin ya fi fito da bambancin. Makaranta ce za ta fara samo takardar amincewar ɗaukar baƙo aiki daga hukuma. Da wannan takarda malami zai je ofishin jakadanci ya karɓi biza mai lambar Z. Bizar kanta ba ta da tsawon rai, domin cikin kwana 30 da sauka dole a mayar da ita izinin zama a ofishin 'yan sanda mai kula da shige da fice. A Japan ma makaranta ce ke nemo takardar cancanta daga hukumar shige da fice ta aiko wa malami. A Birtaniya sai makarantar da ke da lasisin ɗaukar baƙi ta ba shi lambar ɗaukar nauyi kafin ya cike fom. Sunaye sun bambanta, hanya ɗaya ce: makaranta, sannan hukuma, sannan ofishin jakadanci.

Saboda haka duk dillalin da ya ce yana da bizar koyarwa a hannu, amma ya kasa faɗin sunan makarantar da garin da take, to bizar yawon buɗe ido yake sayarwa, in ma akwai abin da yake sayarwar.

Fasfo kafin baki

Kasuwar malaman Turanci ta bunƙasa ne tare da arzikin gabashin Asiya da na ƙasashen Larabawa masu mai. Japan ta kafa shirin JET a 1987 don kawo matasa baƙi makarantunta, Koriya ta Kudu ta biyo da nata, EPIK, a 1995. Sin ta zama babbar kasuwa, har zuwa Yulin 2021 da gwamnati ta haramta cin riba da darussan bayan makaranta a manyan fannoni, abin da ya rufe cibiyoyi masu yawa, ya kuma raba dubban malaman da ke koyarwa ta intanet da aikinsu kusan dare ɗaya.

Tun farko an gina kasuwar kan wani zato, cewa wanda ya tsotsi Turanci a nono ya fi kowa iya koyar da shi. A Koriya ta Kudu zaton ya zama doka. Bizar E-2 ta koyar da Turanci an ware ta ne ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Ɗan Najeriyar da ya yi digiri na biyu a nazarin Turanci a Jami'ar Bayero, ya shekara goma yana koyarwa, ba ya cikin lissafi. Matashin da ya gama digiri a fannin tarihi a Toronto jiya, bai taɓa riƙe alli ba, yana ciki.

Masu kare wannan tsari suna da hujjojinsu. Suna cewa iyaye ne ke biyan kuɗi, kuma lafazin Amurka ko na Ingila suke so 'ya'yansu su kwaikwaya. Suna kuma cewa jami'in shige da fice ba shi da lokacin auna harshen kowane mai nema, fasfo ya fi masa sauƙin dubawa. Masana harshe da dama sun daɗe suna sukar wannan. Robert Phillipson, a littafinsa na 1992 kan mulkin mallaka ta hanyar harshe, ya lissafa wannan zato cikin kura-kuran da aka gina sana'ar a kansu. Hujjarsu mai sauƙi ce: wanda ya koyi Turanci a aji ya san inda yake da tsauri, domin ya yi tuntuɓe a wurin. Malamin da ya taso da Hausa ya san dalilin da ke sa ɗalibi rikita harafin p da f, kuma ɗalibin Balarabe ma yana fama da p ɗin nan, sai dai shi b yake mayar da ita. Hujjar masanan ta fi nauyi, amma ba masana ke buga hatimi a ofishin jakadanci ba.

Ba ko'ina ƙofa ke rufe ba. Ƙa'idar Japan, alal misali, ta fi duba makaranta a kan fasfo: ga wasu rukunan aikin, ana neman mai koyar da harshen waje ya kasance ya yi shekara 12 yana karatu da wannan harshen, sharaɗin da ɗan Najeriya ko ɗan Ghana zai iya cikawa in ya kawo shaida. Thailand na karɓar waɗanda ba 'yan waɗancan ƙasashe bakwai ba in sun kawo sakamakon jarrabawar Turanci irin TOEIC ko IELTS. Makarantu masu bin manhajar Birtaniya a ƙasashen Larabawa da gabashin Afirka sun fi duba digiri da lasisi da shekarun aiki. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne Birtaniya ita kanta ba ta sa Najeriya cikin ƙasashen da take ɗauka masu magana da Turanci ba, don haka sai malamin Turanci ya zauna jarrabawa, ko ya kawo shaidar cewa da Turanci aka koyar da shi digirinsa.

TEFL, CELTA da digiri

TEFL ba sunan wata hukuma ba ne. Taƙaitawa ce ta koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba, kuma kowa na iya buɗe shafi ya sayar da takarda mai wannan suna, domin babu wata hukuma ɗaya a duniya da ke sa ido a kai. Abin da makarantu suka saba nema shi ne kwas na awa 120. CELTA kuwa ta Jami'ar Cambridge ce, ana yin ta cikin mako huɗu zuwa biyar in an duƙufa, kuma tana da awa shida na koyar da ɗalibai na gaske a gaban mai duba aiki. Wannan awa shida ne bambancinta da takardar da ake samu a ƙarshen mako ɗaya, shi ne kuma dalilin tsadarta.

Duk da haka, a idon hukumar shige da fice digirin farko ne ginshiƙi. Mai NCE, ko da ya shekara ashirin a aji, zai tarar ƙasashen nan ba sa lissafa ta a matsayin digiri.

Sarƙar hatimi

A nan ne watanni ke tafiya. Ƙasar da za a je ba ta san jami'ar da ta ba da digirin ba, don haka tana son hukumar da ta sani ta tsaya masa. A 1961 aka ƙulla wata yarjejeniya a birnin Hague da ta rage wahalar zuwa hatimi ɗaya, wanda ake kira afostil: ƙasar da ta fitar da takarda ta buga shi, sauran ƙasashen yarjejeniyar su karɓa. Saudiyya ta shiga a Disambar 2022, Sin a Nuwambar 2023. Najeriya ba ta ciki.

Ma'anar haka ita ce ɗan Najeriya tsohuwar hanya zai bi. Zai kai digirinsa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja a tantance, daga nan ya wuce sashen shari'a na Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da zai je. Kowane hatimi yana tabbatar da na bayansa ne, shi ya sa ba a tsallake ɗaya, ba a kuma juya jerin. Wasu ƙasashen za su ƙara da neman fassara zuwa harshensu, ko su rubuta wa jami'ar kai tsaye su jira amsa, kuma wanda ya taɓa bin sawun takardar sakamakonsa a ofishin rajistara ya san abin da jiran amsa ke nufi.

Akwai wani tarko da ya fi kama mutanen arewa, wato suna. A takardar WAEC an rubuta Mohammed Sani Abdullahi. A digiri an rubuta Muhammad Sani Gwarzo, domin a jami'a ya ɗauki sunan garinsu. A fasfo kuma Sani ya koma sunan mahaifi. A unguwa kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke zaune a Riyad ko Hanoi mutum uku yake gani. Haka ranar haihuwa: 1 ga Janairu a wannan takarda, wata rana daban a waccan. Gyaran yana buƙatar takardar rantsuwa daga kotu, sau da yawa da sanarwa a jarida, da daidaita bayanan lambar NIN kafin a taɓa fasfo. Wanda ya bari sai makaranta ta aiko da kwantiragi sannan ya fara wannan, ya makara.

Ga kuma matsalar wa'adi. Digiri ba ya tsufa, amma takardar shaidar 'yan sanda cewa mutum ba shi da laifi, wadda ake ɗaukar hoton yatsu kafin a bayar, yawancin ƙasashe ba sa karɓar wadda ta wuce wata uku zuwa shida. Gwajin tarin fuka da Birtaniya ke nema ga wanda zai zauna fiye da wata shida, shi ma wata shida yake yi. In aka yi gaggawar karɓo su tun kafin digiri ya gama zagayen ofisoshi, za su mutu a cikin jaka a sake biya. Dabarar ita ce a fara da masu jinkiri marasa wa'adi, a ƙare da masu sauri masu wa'adi. Fasfo kuwa ya kamata ya rage masa fiye da wata shida, kuma gara ya zarce tsawon kwantiragin gaba ɗaya, domin izinin zama ba ya wuce ran fasfon da aka ɗora shi a kai.

Katin riga-kafin cutar shawara, wanda matafiya ke kira yalo kad, shi ne mai sauƙi. Allurar tana fara aiki a takarda bayan kwana goma, kuma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai zuwa Thailand da wasu ƙasashen Asiya zai ƙara da takardar wankewa daga hukumar NDLEA. A da matar aure sai ta kawo wasiƙar amincewar miji kafin a ba ta wannan takarda; a Oktoban 2024 hukumar ta sanar da cire sharaɗin.

Kafili, ejan da gajeriyar hanya

A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf zaman baƙo yana rataye ne a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki. Wannan shi ne kafala, mai ɗaukar nauyin kuma kafili. Saudiyya ta sassauta tsarin a Maris ɗin 2021: ma'aikacin kamfani ko makaranta mai zaman kanta zai iya sauya wurin aiki bayan shekara guda ba tare da yardar kafili ba, zai kuma iya neman izinin fita da kansa ta manhajar Absher. Sassaucin bai shafi masu aikin gida da direbobin gida ba. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokar Saudiyya da ta Daular Larabawa, duk da cewa ana yi.

Hausawa sun fi kowa sanin ƙarshen gajeriyar hanya a wannan ƙasa. An daɗe ana shiga da bizar Umara a zarce, a zama ɗan takari mai zaman ɓoye, ana kallon motar 'yan sanda ta gefen ido. Malamin da ya shiga da bizar Umara ko ta ziyara ya fara koyarwa ya shiga wannan sahu, ko da yana ɗaura nakatayi. In makaranta ta hana shi albashi ba shi da inda zai kai ƙara, domin zuwa hukuma tona asirin kansa ne. In aka kama shi, tara ce da tsarewa da tiso ƙeya, da haramcin komawa na shekaru. Maganar da ake yawan ji, cewa a zo kawai za a gyara takardu daga baya, ita ce alamar farko ta makarantar da ba ta da lasisin ɗaukar baƙo.

Ejan kuwa iri-iri ne. Akwai kamfanonin ɗaukar ma'aikata na gaskiya, waɗanda makarantu ke biya. A Najeriya doka ta ce sai sun sami lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma a 2023 ƙasar ta amince da yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda a ƙa'ida ta hana karɓar kuɗin samar da aiki daga hannun mai neman aikin. Ejan da ya fara da neman miliyoyi kafin a ga kwantiragi ya saɓa wa wannan. Abin ya wuce asarar kuɗi a wasu wuraren: rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na Agustan 2023 ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya na tsare a sansanonin damfara ta intanet, da yawansu da tallan aiki na bogi aka jawo su. Masu sansanonin suna son wanda ya iya Turanci, domin da shi ake yaudarar mutane.

Ranar tafiya

Tikiti mafi araha ba lallai ya kai mutum ba. 'Yan Najeriya da Ghana suna cikin waɗanda ƙasashen Turai na yankin Shengen ke nema wa bizar yada zango, ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, Birtaniya ma haka, sai ga mai riƙe da wasu bizoji da aka keɓe. Wanda ya sayi tikitin da ya bi ta Faris ko Frankfurt ba tare da ita ba, tun a wurin auna kaya za a mayar da shi. Shi ya sa hanyoyin Addis Ababa da Alƙahira da Doha da Istanbul suka fi dacewa. Tikiti biyu daga kamfanoni biyu kuma na iya tilasta wa mutum fita ya karɓi kaya ya sake shiga, wanda ke buƙatar bizar ƙasar da ya yada zangon.

Asalin takardu, digiri da kwantiragi da shaidar 'yan sanda, a jakar hannu ake riƙe su. Akwati na iya zarcewa wata ƙasa ya dawo bayan mako biyu, alhali wa'adin rajista ya fara tafiya tun ranar sauka.

Sai watan farko, wanda kusan kowa ke mantawa da shi a lissafi. Albashi sai ƙarshen wata, wani lokaci sai katin zama ya fito an buɗe asusun banki. Kafin nan akwai kuɗin ajiya na gida, da gwajin lafiya na biyu da ƙasashe da dama ke sake yi bayan sauka, da abinci. Makarantu da yawa da ke cewa suna biyan tikiti, mayarwa suke yi daga baya. A Birtaniya harajin lafiya kaɗai fam 1,035 ne a shekara ga babban mutum tun Fabrairun 2024, kuma gaba ɗaya ake biya tun wurin neman biza: shekara uku, fam 3,105, kafin a lissafa na mata da yara. Tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023, kowane ɗayan waɗannan ya ninka a aljihun mai albashin malanta. Iyali kuwa a yawancin ƙasashe sai daga baya suke bi, bayan izinin zaman malamin ya fito, kuma takardar aure da ta haihuwar yara sai sun bi sarƙar hatimin nan su ma.

Ko an cika komai, siyasa na iya shigowa. Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a Oktoban 2022, ba a buɗe ba sai Yulin 2024. Amurka a Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizojin da take ba 'yan Najeriya na shiga ɗaya, na wata uku. Ƙa'idar da aka karanta bara sai an sake duba ta bana a ofishin jakadancin kansa.

Hanyoyin hukuma da tasirin abin a gida

Akwai hanyoyi biyu da ba su bi ta hannun ejan ba. Shirin TAC, wanda aka kafa a 1987 zamanin Janar Ibrahim Babangida da ministan harkokin wajensa Farfesa Bolaji Akinyemi, yana tura ƙwararrun Najeriya, ciki har da malamai, aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. Najeriya ke biyan jirgi da alawus, ƙasar da aka je ta ba da masauki. Na biyu shi ne wani reshe na shirin Fulbright na Amurka, wanda ke ɗaukar matasan malaman Turanci na shekarar karatu guda, amma harshensu na gida za su koyar a jami'o'in can, kuma Hausa na cikin harsunan da aka saba nema daga Najeriya. Bizarsa tana da sharaɗin komawa gida a yi shekara biyu kafin a nemi wasu nau'o'in bizar aiki ko zama a Amurka.

Kan tasirin ficewar malamai ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin asara ce tsantsa: jihohin da ke kukan ƙarancin malaman Turanci, inda faɗuwa a wannan darasi ɗaya ke hana yaro shiga jami'a, su ne ke rasa gwanayensu, domin gwani ne ke iya tsallake waɗannan shingaye. Wasu na cewa malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata ba a riƙe shi da wa'azin kishin ƙasa, kuma kuɗin da yake aikowa da dabarun da yake dawowa da su riba ce. Abin da ya bambanta wannan da ficewar likitoci shi ne yawancin bizojin koyar da Turanci a Asiya da ƙasashen Larabawa ba sa kai wa ga zama na dindindin. Kwantiragin shekara ɗaya ne ko biyu, ana sabuntawa, ranar da ya ƙare izinin zama ya bi shi.

Don haka dawowa ma tana da nata takardun. Akwai haƙƙin ƙarshen aiki da dokokin ƙasashen Gulf suka tanada, wanda ake lissafawa bisa shekarun da aka yi, da soke izinin zama a hukumance, da rufe asusun banki da biyan duk wani bashi, domin a wasu ƙasashen bashi na hana fita. Akwai wasiƙar shaidar aiki mai hatimin makaranta da kwanan watan farawa da gamawa, wadda makaranta ta gaba za ta lissafa shekarun ƙwarewa da ita. Akwai kuma shaidar 'yan sandan ƙasar da aka zauna, domin duk makarantar da za ta sake ba mutum amanar yara za ta nemi ta kowace ƙasa da ya taɓa zama. In mutum yana can, ana karɓarta cikin 'yan kwanaki da katin zama a hannu. Daga Kano ko Zinder, bayan katin ya mutu, sai an haɗa da wakili da ofishin jakadanci da aika hoton yatsu, kuma abin na iya cin watanni.